Kyanwoyin Goggo Turai Sun Kama Mahauci

Sufeto Ɗanmaliki na caji ofis ɗin Karaye ya sha kama 'yan fashi da hannunsa, amma in kyanwa ta gifta ta gabansa sai ya ɗage ƙafafu yana a'uziyya. Kuratansa sun sani, shi ma ya san sun sani, kowa dai ya ja bakinsa ya yi shiru. Shi ya sa ranar da aka kawo masa ƙara mai kyanwoyi a ciki ya zaci tsokana ce.

"Yallaɓai, an karya Malam Maharazu na firamare," in ji Kofur Shitu. "A hanyar Rogo, da hantsin nan. Wai a kan littafin kyanwoyi."

Suka tarar da malamin a gidan mai ɗori, an ɗaure masa hannun dama da kara da tsumma. Shi ne ya rubuta wani ɗan littafi aka buga masa a Kano, labarin wata tsohuwa Goggo Turai da kyanwoyinta biyu masu gano ɓarayi. Ya ɗauro kwali guda a babur zai kai kasuwar Rogo, wani ya fito daga cikin dawa, fuska naɗe da rawani, ya maka masa gora.

"Ya ɗauki wani abu?"

"Ko babur bai taɓa ba. Littattafan ya watsa a rafi, ya ce in kira kyanwoyina su cece ni. Yallaɓai, ni ba ni da abokin gaba. Amma in an kama shi, a karya masa hannu biyu kafin a kai shi kotu."

Sufeto ya rubuta rabin farko na maganar, ya bar sauran.

A bakin rafin suka tsinci kwalin a yage. Inda aka riƙe shi akwai shatin yatsu, duk maiƙo da garin ƙuli da jan yaji. Sufeto ya sansana, yunwa ta taso masa.

"Mai tsire ne," ya ce. "Saura mu san wane mai tsire littafi ya ɓata wa rai."

Ya karɓi kwafi ɗaya da bai jiƙe ba ya zauna zai karanta. Bai gama gabatarwa ba Kofur ya tashe shi sallar azahar. Sai ya yanke shawarar ya tambayi waɗanda Allah ya ba haƙurin karatu.

Ya fara da Zuwaira, mai ba matan unguwa hayar littattafai. Mijinta ya tsaya a zaure, ita tana amsawa daga bayan ƙofa.

"Littafin ba laifi, ranka ya daɗe, sai dai babu soyayya. Muzuru da kyanwa gida ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ko kallon juna ba su yi ba. Mata sun yi ƙorafi sosai."

"Wa aka ci wa mutunci a ciki?"

"Babu kowa. Ko jini ba a zubar ba. Ɗan kunne ne ya ɓace, ashe direban Alhaji ne ya ɗauke. Ya ba da haƙuri, aka dama fura aka sha."

Bayan la'asar suka isa Rogo, suka zauna a teburin mai shayi inda majalisar unguwa take. Sufeto na ambaton littafin wurin ya kaure da surutu. Yawancinsu allo suka yi, ba boko ba, don haka Bilya tela ne ke karanta musu littafi kullum in ya tashi daga keke.

"Ai wannan malami waliyyi ne!" in ji wani dattijo, Mijinyawa. "Ka ji yadda kyanwar nan ta bi wari har bayan rumfa ta tono kan mushen saniya?"

"Wane mushe?"

"Na Jibo mai tsire mana. Da sunansa da na ubansa a littafin. Shekara da shekaru yana ciyar da mu haram. Ni yanzu ko sallamarsa ba na amsawa. Sarkin Fawa ma ya hana shi taka kwata."

"To, direban Alhaji fa?"

Suka kalli juna. "Wane direba?"

Tukubar Jibo tana tsallaken titi. Ranar kasuwa ce, ga tsire jere a bakin wuta, amma babu ɗan Adam ko ɗaya. Kyanwoyi ne kawai suka kewaye wurin suna jira. Sufeto ya tsaya nesa, ya ce wa Kofur iska ta fi kyau a nan, a kira masa mutumin.

"Jibo, ina kake da hantsi?"

"Ina kwata, yallaɓai."

"Kwatar da Sarkin Fawa ya hana ka? Miƙo hannunka."

Jibo ya miƙa. Yaji da ƙuli har cikin farce. Ya dubi hannun, ya dubi tukubar, sai ya daina wahalar da kansa.

"Na ji an ce yau malamin zai kawo littattafan kasuwa, na je na tsare hanya. Kansa na nufa, ya tare da hannu. Ubana mahauci ne, kakana mahauci ne, ba a taɓa cewa mun yanka abin da bai motsa ba. Yau 'ya'yana ba sa iya fita ɗebo ruwa, ana ce musu 'ya'yan mai mushe. Mutumin da ban taɓa gani ba ya zauna a Karaye ya kashe ni da biro."

"Ka ga sunan naka a littafin?"

"Da wane idon? Ina nan ina jin Bilya yana karantawa, ana waiwayowa ana tofar da yawu."

Sufeto ya sa aka buga masa ankwa, ya tsallako da shi majalisa. Aka kira Bilya daga shago, ya zo da tef a wuya, yana murmushi. Sufeto ya miƙa masa littafin, ya tsayar da Kofur Shitu a bayansa.

"An ce ka iya karatu. Karanto mana wurin mushen."

Bilya ya buɗe tsakiya, ya gyara murya, ya fara zubo zance babu gargada: ga kyanwa tana tono, ga ƙudaje, ga Jibo yana rantsuwa. Majalisa ta ɗauki salati.

"Yallaɓai," in ji Kofur, "a shafin nan kyanwar nono take sha."

"Nawa bugun daban ne," in ji Bilya.

"A ɗauko shi."

Aka ɗauko daga ƙarƙashin keken ɗinki. Kofur ya bi shi shafi-shafi. Babu Jibo, babu saniya, ko mahauci babu. Murmushin Bilya ya tafi, amma bai sunkuyar da kai ba.

"Akwai wata kyanwa, Yelwa, ta mahaifiyata ce. Ita kaɗai tsohuwar ta bar mini. Guntun hanta ta ɗauka a tukubar Jibo, wanda bai kai babban yatsa ba, wannan azzalumin ya jefe ta da wuƙa. Da jan ciki ta iso shagona, ta mutu a kan yadin mutane. Na kawo kuka nan majalisar, kuka yi mini dariya, wai ƙato da gemu yana makokin kyanwa. Da littafin nan ya zo hannuna na ce Allah ya kawo 'yan uwanta su rama mata."

"Malamin da aka karya fa?"

"Shi kam ya yafe mini. Amma Jibo, ko gobe aka ba ni littafi sai na sa shi a ciki."

Jibo ya zabura, aka rirriƙe shi. Ankwa ɗaya suka zo da ita, don haka aka kwance hannu ɗaya na Jibo aka ɗaura wa Bilya, aka tura su bayan mota suna zagin iyayen juna.

Kafin su tashi, Sufeto ya ga ya kamata a wanke sunan mahaucin a inda aka ɓata shi. Ya sa Kofur ya karanta wa majalisa ƙarshen littafin na gaskiya, har inda direba ya mayar da ɗan kunne aka sha fura.

Mijinyawa ya kurɓi shayi.

"Shi ke nan? Haba yallaɓai. Wannan ai hukuma ce ta sa aka cire gaskiyar."

Da suka gama zaman gidan yari, Jibo ya dawo ya hura tukubarsa, bai samu mai saye ba, ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Bilya kuwa har yau shi ke karanta wa majalisa littafi.