Ledar da Aka Binne a Cikin Gam

Da ƙarfe goma na safe aka bugo waya ofishin 'yan sanda daga kamfanin da ke ƙera fikafikan injin iska mai ba da lantarki. Fiffike ya karye a ɗakin gwaji, ya murƙushe ƙafar wani ma'aikaci, kuma guntun da ya ɓalle ya yi ɓatan dabo.

Sufeto ya tarar da fiffiken a kwance, tsawonsa ya fi na bas biyu. Injiniya, matar da ke shugabantar ɗakin, ita ta tare shi.

"Ɓari biyu ne na zaren gilashi, aka manne su da gam," in ji ta. "Wannan injin yana ta lanƙwasa shi sama da ƙasa, mu ga yaushe zai gaji."

"Gam? Irin na takalmi?"

"Yayansa ne, yallaɓai. Wata shida muka sa ran zai yi. A rana ta goma sha tara ya karye, daidai ranar da Dakta ya ce."

Dakta shi ne mai lissafin kamfanin. Sufeto ya same shi a ofis, ya ja kujera kusa da kwamfuta, yana kallon wani jan layi yana rarrafe a jikin hoton fiffiken.

"Wannan fa?"

"Tsaga ce. Takan fara siririya kamar gashi, duk lanƙwasa ɗaya ta ɗan matsa gaba. Ka ba lissafina tsawonta na farko, ya gaya maka ranar da za ta raba gam da fiffike. Na gargaɗe su a taro, suka yi mini dariya."

"Ikon Allah! Kana shiga ɗakin manni?"

"Ni? Warin gam ma ciwon kai yake sa ni."

A baranda Sufeto ya tambayi Injiniya ko lissafin ya saba faɗawa daidai haka.

"Ina! Ko da wata guda ya kuskure, murna muke yi."

Sufeto ya rubuta wannan a littafinsa.

A ɗakin manni ya iske Baba mai gam, dattijon da ya shekara ashirin yana aikin. Ma'aikacin da ya ji raunin kuwa, mijin 'yarsa ne.

"Baba, ina guntun?"

"Ban gan shi ba, ɗan nan."

"To me ya sa tun shigowata ka jingina da kabad ɗin nan, ga kujera a gabanka?"

Baba ya sunkuyar da kai, ya buɗe kabad, ya fito da guntun. "Tsoro na ji. Za a ce hannuna ne ya karya surukina. Da wane ido zan kalli 'yata?"

Sufeto ya kai guntun bakin taga. Ko'ina gam ya yage kaca-kaca, sai wuri ɗaya da yake sumul yana ƙyalli. Ya sa farce, ya ɗago wata 'yar leda da ta fi fatar albasa sirantaka.

Injiniya ta dafe ƙirji. "Wannan ai a ƙananan samfura muke sa ta, da gangan, don gam ya ƙi kamawa tsaga ta fara. Ba ta da aiki a fiffike."

Sufeto ya ari rula, ya auna, sannan ya koma wurin Dakta, Injiniya na biye da shi.

"Dakta, karatun ɗazu ya shige ni. Nawa ka ba lissafinka tsawon tsagar farko?"

"Milimita arba'in."

"Yaushe?"

"Tun kafin a fara gwaji. Ga kwanan wata a takarda."

Sufeto ya shimfiɗa ledar a kan tebur, ya ɗora rula a gefenta. Arba'in cif.

"Ta yaya ka san tsawon abin da ke binne a cikin gam?"

Dakta ya cire tabarau.

"Baba ya fita wanke hannu, na sa ta," ya ce a hankali. "Shekara uku ina gaya musu gam ɗin nan ba zai wuce shekara huɗu a sama ba. Ba wanda ya saurare ni. Na so su gani da idonsu, sau ɗaya tak. Wallahi ban zaci mutum zai tsaya a wurin ba."

Saje ya shigo, ya sa masa ankwa, ya tasa ƙeyarsa zuwa mota.

Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa. "Injiniya, maganar shekara huɗun nan, gaskiya ce?"

"Mai yiwuwa, yallaɓai. Irin fiffiken nan ɗari biyu suna can suna juyawa a kan gonakin mutane." Ta kalli motar tana fita daga harabar. "Shi kaɗai ya iya lissafin. Yanzu kuma wa zai yarda da shi?"