Awon Yaro Ɗaya

Lalacin Muntari ne ya kashe jaririn Maimunatu. Na faɗa, kuma ba zan janye ba.

A wani asibitin yara masu gubar dalma a Anka Nuraddeen ya fara ganin Hamida, tana ɗora yaro a sikeli tana lallashinsa. Shi sabon mai kula da kwamfuta ne. Ya manta abin da ya kawo shi.

"Malam, kai ma awo za a yi maka?" in ji ta.

"Zuciyata za ki auna, ta yi nauyi."

Muntari shi ne babban Nuraddeen a ofis, kuma ya taɓa neman Hamida ta ƙi shi. Shi ya rubuta manhajar da ke karɓar jerin nauyin yara ta fitar da maganin kowa. Don gudun wahala, ya sa in jeri ya zo da awo ɗaya tak, manhajar ta ɗauke shi lamba kawai, ta shafa wa kowa.

Nuraddeen ya ce, "Yallaɓai, jeri mai abu ɗaya ai jeri ne. In bai kai yawan yaran ba, gara manhajar ta ƙi aiki."

"Yaushe ka zo? Yi abin da aka sa ka."

Ranar da Hamida ta je wani ƙauye a Bukkuyum, sabis ɗin waya ya yanke tana cikin turo awon yaran. Awon yaro ɗaya ya iso, mafi girmansu. Manhajar ba ta yi gardama ba, ta rubuta wa kowa maganin babban yaro. Jaririn Maimunatu, wata uwa a ƙauyen, jikinsa bai ɗauka ba, ya rasu.

Muntari ya ce Hamida ce ta yi sakaci. Aka dakatar da ita, lokacin Nuraddeen ya fara neman aurenta. Innar Nuraddeen ta ce, "Ɗiyar ga da ake nuni da ita a kasuwa? Ba ta shigo min gida."

Hamida ta turo saƙo: "Nurina, ka bi maganar Inna. Ni kaina na fara shakkar hannuna."

Ya amsa: "Sanyin idona, hannunki bai yi laifi ba. Ki ci abinci."

Ya san aikinsa zai iya tafiya, amma ya tsaya gaban shugabannin asibitin. Ya shigar da awo ɗaya da sunayen yara da yawa, kowa ya ga magani iri ɗaya ya fito. Ya kuma faɗa musu ya san da matsalar manhajar, ya yi gargaɗi sau ɗaya ya yi shiru. Suka rage masa matsayi. Daidai ne.

Inna da kanta ta je Gummi gidan su Hamida neman afuwa. Aka ɗaura aure ba kiɗa, saboda makokin jaririn Maimunatu. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.

Muntari kuwa an kore shi, an miƙa shi kotu. Yana gidan yari.