Lahadin da Malam Amadu Ya Alkawarta

A farkon shekarar dubu biyu, lokacin da aka soma aiki da Shari'a a Zamfara, gidan Malam Amadu, tsohon ma'aikacin reluwe a Ƙaura Namoda, ya cika da ƙullin kaya. Kiristoci da dama sun riga sun tashi, shi ma ya tanadi babbar mota wadda za ta kwashe iyalinsa zuwa Jos ranar Asabar. Ɗiyarsa Hannatu, nas a asibitin garin, ita kaɗai ce ba ta ɗaure ko tsinke ba.

Dalilinta kuwa shi ne Maiwada, mai bisharar da aka yi musu baiko tun da kaka. Ikilisiya ta tura shi wani ƙauye can bayan Zurmi, inda masu bi ba su wuce tsofaffi goma sha ɗaya ba. Tun ranar da Malam Amadu ya ji sunan ƙauyen, fuskarsa ta sauya, ya hana a sake ambatonsa a gidan.

Ran Laraba da hantsi Maiwada ya zo ya durƙusa, ya ce, "Baba, ba wanda ya tsangwami mutanen nan. Mai unguwarsu Musulmi ne, shi ma yake sa a share musu majami'a. Makiyayi kawai suka rasa."

Tsohon ya daka masa tsawa, "Ka tafi kai kaɗai! Ɗiyata mai satifiket za ka kai inda babu lantarki, babu asibiti? Ba da albarkata ba!"

A zaure Hannatu ta tare Maiwada, idanunta jawur. "Tiransifa ta fito mini zuwa Jos, na ƙi sa hannu. Zuciyata tana wurinka. Amma ba ni bin ka a ɓoye, Maiwada, sai Baba ya sa albarka, ko da shekara goma ce."

"Asabar fa gata ce, Hannatu."

"To, sai mu riƙe addu'a."

Akwai wani al'amari da ya daɗe yana damun yarinyar. Kowace Lahadi da safe, mahaifinta yakan tsaya cik a tsakar gida, ya karkata kunne gabas kamar mai jin kira, alhali ba abin da ke motsi sai kaji. Yanzu kuwa kullum yake yi.

Ran Juma'a, tana taya mahaifiyarta Rekiya ɗaga wata tsohuwar akwatin ƙarfe, murfin ya ɓalle. Wata doguwar guduma ta faɗo, irin wadda ake ƙwanƙwasa ƙafafun jirgin ƙasa da ita, naɗe cikin rigar jariri.

"Inna, rigar wa ce wannan?"

Rekiya ta zauna daɓas, hawaye suka ɓalle mata. "Ta yayanki ce, Ishaku. Ba mu taɓa faɗa miki ba. Ubanki ya taɓa ajiye aikin reluwe ya tafi bishara a wannan ƙauye. Shi ya rataye guntun ƙarfen dogo a jikin tsamiya, yana bugawa da gudumar nan a taru sujada. A damina ta biyu ƙyanda ta kama yaron, ba magani, ba mota. Gindin tsamiyar muka binne shi. Da za mu taho, ya ce wa mutane, 'Lahadi mai zuwa ina nan.' Shekara talatin da ɗaya ke nan, ɗiyata, kuma kowace Lahadi sai ya ji ƙarar ƙarfen nan."

Suka ɗaga kai, sai ga Malam Amadu tsaye a bakin ƙofa. Hannatu ta ɗauki gudumar da hannu biyu, ta durƙusa gabansa.

"Baba, in ka ce Jos, Jos za ni. Amma ka duba, abin da Yaya Ishaku ya rasa ran nan, shi ka biya mini makaranta na koyo. Akwai 'ya'yan wasu a can, Musulmi da Kirista, kuma ƙyanda ba ta daina zuwa ba."

Tsohon ya miƙo hannu. Ya karɓi gudumar, ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Da motar ta iso ran Asabar, ya fito da farar rigarsa ta sujada, ya dubi direba ya ce, "Ba Jos ba. Hanyar Zurmi za ka ɗauka."

Suka biya suka ɗauki Maiwada, suka kwana a Zurmi. Kashegari da safe suka tsaya gindin tsamiyar. Ƙarfen yana nan, ya yi tsatsa, ga dutsen da ake buga shi da shi a ƙasa. Malam Amadu ya daɗe yana kallon wani ɗan tudu da wani mai kirki ya kewaye da duwatsu, sa'an nan ya ɗaga gudumar ya buga sau uku. Tsofaffi suka soma fitowa. Wata makauniya mai suna Tasalla ta dogaro sanda, ta tsaya ta saurara, ta ce, "Wannan ba dutse ba ne. Malam Amadu, Lahadin taka ta daɗe!"

A nan ya fashe da kuka, a nan kuma ya haɗa hannun Hannatu da na Maiwada, ya sa musu albarka, ya miƙa musu gudumar.

Ya ku matasa, ku lura: haƙuri ya ba Hannatu miji tare da albarkar uba. Wanda kuma ya guje wa kiran Ubangiji domin jin daɗi, kiran yakan bi shi har ɗakinsa, ba ya barinsa sai ranar da ya amsa.