Ranar da Delmar Ya Ci Gasa

"Kowa ya kwanta! Ke, buɗe akwatin nan!"

Royce Tackett ya ɗora bakin bindiga a kan teburin ɗakin kuɗi na filin sukuwa. Orval Pruitt yana bakin ƙofa, riƙe da buhu. Nadine, tsohuwar da ke kula da ɗakin, ta ɗaga hannu.

"Ɗana, ina da jikoki."

"To yi sauri ki koma musu, Mama."

A waje an saki dawakin sukuwar ƙarshe. Masu gadi sun juya baya suna ihu, don kowannensu da dokin da ya zuba wa kuɗi.

Dabarar ta Delmar ce, yayan Orval, wanda ke jiransu cikin mota a can ƙarshen filin ajiye motoci. A cacar doki ya yi furfura. Ya san da an gama sukuwar ƙarshe jama'a kan kwararo waje, suna yaga tikiti suna zagi. Mutum biyu da buhu sai su narke a cikinsu.

"Aikinka ɗaya, tsoho," in ji Royce da safe. "Kada ka kashe mota, kada ka ɗaga gindinka."

Abin da Delmar bai faɗa ba shi ne ya shiga gasar ranar, wadda kowa ke zaɓen doki a kowace sukuwa, mai yawan maki ya ɗauki kofi. Tun yana saurayi yake shiga, bai taɓa jin ƙanshin kofin ba. Yau shi ne na biyu. Zaɓinsa na ƙarshe wata ramammiyar goɗiya ce da kowa ya raina.

Lasifika ta ce goɗiyar ta zo ta biyu. Sai kuma ta ce a dakata: an kunna jar fitila, alƙalai na bincike. Wai mahayin da ya zo na farko ya matse ta a kwana.

Idan fitilar nan ta kama, ɗan caca ba ya motsi. Ba mai yaga tikiti, ba mai fita. Delmar ya fi kowa sani. Ya san ƙaninsa zai fito fili ba mafaka, ya san motar ya kamata ya matsa da ita bakin ƙofa.

Amma daga nan ba a hango allon sakamako.

"Yanzun nan zan dawo," ya ce wa sitiyari. Ya zare makulli, ya nufi ciki.

Royce da Orval suka fito a guje — fili fayau, ko kare babu! Nadine ta riga ta danna ƙararrawa. Jiniya ta taso daga babbar ƙofa.

"Ina mutanen? Ina yayan naka?"

"Yana mota!"

Babu kowa a mota. Babu makulli.

Royce ya fizge buhun, ya cusa wa Orval bindigar, ya hankaɗa shi wajen 'yan sanda, ya yi katanga.

"Ajiye bindigar! Ajiye!"

Orval bai ma san tana hannunsa ba. Ya juya yana waige-waige.

"Yaya!"

Tau! Tau!

Delmar ya ji harbin. Bai cire ido daga allo ba. Lambobi suka mutu, suka dawo. Goɗiyarsa ta hau sama.

"Dattijo, ka ci ne?" in ji wani a gefensa. "To yi dariya mana."

Da ya fito, takalman Orval ya fara gani, sun leƙo daga ƙarƙashin farin ƙyalle. Royce na zaune a ƙasa da ankwa, katanga ta yage masa wando. Ya nuna shi da haɓa.

"Ga direbanmu can. Ku tambaye shi wa ya ci."

Lasifika tana ta kira: Delmar Pruitt ya zo ya karɓi kofinsa.

Wani ɗan sanda ya matso. "Kai ake kira?"

"Ni ne."

"Ina taya ka murna. Kawo hannu."

Nadine ba ta sake taka filin ba. Royce ya yi ta surutu a kotu har aka rage masa shekaru. An binne Orval a gefen uwarsu, Delmar yana tsare, ba a bar shi ya je ba.

Kofin kuwa, wanda ya zo na biyu aka bai wa.