Gidan Sauro a Gonar Kankana

Harbin ƙudan zuma ne ya haɗa su, kuma a kan hanci.

Ita ce auta a gidansu, amma duk ƙauyen 'Yar Tambaya ake ce mata, don ba a gaya mata magana ta haɗiye sai ta ce "me ya sa?" Ran nan da hantsi ta kai wa Baba ruwa gonar kankana, sai ta ga wani ƙuda ya fito daga fure, jikinsa duk rawaya kamar an barbaɗa masa gari. Ta dire jarka ta bi shi. Ta tsallake kunya, ta tsallake hanyar ban-ruwa, ta kutsa itatuwan bakin gona, ta kai fuska bakin akwatin da ya shiga. Nan take aka ba ta amsa.

"Kar ki murza!" in ji wani saurayi daga bayanta.

Hawaye na zuba, hanci na tashi, amma sai da ta ce, "Me ya sa?"

Dariya ta ƙwace masa. Mai Zuma ke nan, maraya, ba shi da komai sai amyoyin da ya gada a bakin gonar. Ya sa farce ya kankare ƙarin a hankali.

"In kin murza dafin ne zai shige. Ke kuwa wa ya aike ki leƙa gidan mutane ba sallama?"

"Wannan rawayar da suke kwasowa, ta mece ce?"

"Wallahi ban sani ba. Ni zuma kawai na sani."

Ta kalle shi da ido ɗaya, don ɗayan ya fara rufewa. Tunda take, ba ta taɓa jin namiji ya ce bai sani ba. Abin ya zauna mata a rai.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Sannu da jiki, Mai Hanci. Na yi wa ma'aikatana faɗa. Sun ce ba laifinsu ba ne, fure suka zata."

Ta mayar: "Ka iya baki kamar kayan sana'arka. Gobe ina da tambaya."

"Ki zo da guda ɗari, Furena."

Ta kuwa riƙa zuwa da su. Kafin wata ya ƙare tambayoyin sun bar kan ƙuda sun koma kan mai ƙuda.

Da magana ta kai kunnen Baba, sai ya ture kwanon abinci.

"Wa? Yaron da ƙudansa suka harbi san nomana bara, ya ja garma ya karya ta? Har yau ko sannu ban ji ba."

"Ya zo, Malam," in ji Inna. "Kai ka ƙi fitowa. Zumar da ya kawo kuwa ka shanye ta."

"Wannan daban. Ƙudan nan tsotse mini fure suke, shi ya sa rabinsa ke zubewa. Taron manoma na zuwa, zan sa a tashi akwatunan nan daga bakin gonakinmu."

'Yar Tambaya ta san abin da hakan ke nufi. In an tashi amyoyin, sai bayan duwatsu, inda ko waya ba ta shiga. Mai su kuma dole ya bi su.

Akwai kuma Mai Feshi, wanda ke sayar da maganin ƙwari a bakin hanya. Shi ma yana so, amma ta wajen Baba ya biyo. Yau takalmin roba, gobe tocila, jibi hula. Inna tana ganin kayan tana lissafi a zuci, don ta san ba don Allah kaɗai ake kawo su ba.

Mai Zuma abu ɗaya ya roƙa. "In za a yi feshi a gonarku, ki faɗa mini in rufe akwatunan."

"Na yi alkawari, Zumana."

Sai ga shi ranar da ta raka Inna asibiti, Mai Feshi ya goya tankinsa da sassafe, ya wanke gonar tas da magani, wai kyauta ce ga surukinsa na gobe. A hanyar dawowa saƙo ya same ta: "Kin yi alkawari." Shi ke nan, ba Furena, ba komai.

Ta same shi tsugune da tsintsiya, yana tara gawar ƙuda a bakin akwati.

"Amya biyu sun tafi," ya ce, bai ɗago ba.

"Ba na gari. Wallahi ban sani ba."

"Ko kuma an ga takalmin roba ya fi zuma."

Maganar ta soke ta. "Ka maimaita."

Bai maimaita ba, bai kuma janye ba. Ta juya ta tafi, ta kashe waya.

Fushi take, amma tambayar nan ta ƙi barinta. Shin tsotse fure ƙudan suke, ko me? Washegari ta ɗauki almakashi ta kama gidan sauronta.

"Ke! Sabon da na saya miki?" in ji Inna. "To sauro ya cinye ki, ba na sake wani."

Ta yayyanka shi, ta je gona ta zaɓi furannin da ba su buɗe ba, masu ɗan ƙullutu a gindi. Wasu ta ɗaure su da yankin gidan sauro, wasu ta bar su haka, ta soka tsinke a gefe.

Baba ya tsaya da fartanya a kafaɗa yana kallo. Ya daure, ya daure, ya kasa.

"Me ya sa?"

"Au, Baba, kai ma?" Ta yi murmushi. "Ka ce suna tsotse fure. To ga waɗanda ba za su taɓa ba. In na rufen suka fi kyau, ka tashi akwatunan, ni kuma na bar maganarsa."

"Kin amince?"

"Na amince."

Ita kanta ba ta san yadda za ta kaya ba. Kullum da safe tana gona. Abin mamaki, kullum sai ta tarar Baba ya riga ta, wai ya zo duba injin ban-ruwa. Injin kuwa yana can wancan gefen.

Da ta kunna waya ta sami saƙo: "Na ji abin da kika yi. Na ji kuma wanda ya yi feshin. Bakina ya yi kaushi, Furena, ki yafe mini. Amma kin jefa mu a caca, ni ma ban san amsar ba."

Ta rubuta: "Na yafe rabi. Sauran sai kankana ta yi magana."

Kankana kuwa ta yi. Ƙullutun da ke cikin gidan sauro suka yi rawaya, suka yanƙwane, suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Na waje suka kama, wani har ya kai dunƙulen hannu. Baba ya tsuguna ya daɗe yana bin wani ƙuda da ido, daga wannan fure zuwa wancan, da rawayarsa a ƙafa.

"Ashe kai wa furannin yake," ya ce a hankali. "Ba ɗauka ba."

Ranar taro, a inuwar rumbun ƙungiyar manoma, kowa na jiran ya ce a tashi akwatuna. Baba ya miƙe ya juye furannin da suka mutu a kan tabarma, ya ajiye ɗanyar kankana kusa da su.

"Jama'a, na zo kai ƙara, sai na tarar ni ake bi. Shekara da shekaru ƙudan yaron nan suna mini aiki, ban taɓa ce musu sannu ba. Garma ɗaya suka karya mini. Amya biyu aka kashe masa a gonata. Ku faɗa mini wa ke bin wani."

Aka yi ta dariya, aka kuma yanke cewa daga ranar ba mai feshi sai da yamma, bayan ƙuda sun koma gida. Inna ta wanke takalmin roba, ta haɗa da tocila da hula, ta aika wa Mai Feshi da godiya da kankana uku ladan feshinsa.

A bakin rumbun Baba ya kira Mai Zuma.

"Yaro, ka iya amsa tambaya?"

"Wasu, Baba. Wasu sai mu nema tare."

"To ka turo manyanka. Ni na gaji, shekara ashirin ina amsawa."

Bayan an cire kankana aka ɗaura aure. A cikin kayan ɗaki har da sabon gidan sauro, Inna ta ce wannan bashi ne, in an sake yanka shi ango zai biya.

Da aka kai ta ɗakinta, ya zauna gefenta ya ce, "Furena, saura rabin yafiyata."

"Na ba ka. Amma me ya sa ka..."

"Yau dai ki bar ni in huta!"

Ba ta bar shi ba. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya cika amya da gona, Ya ba su 'ya'ya masu tambaya, Ya kuma ba uban haƙurin amsawa. Amin.