Ruwan Zafin Motar Gwadabe

Yammacin wata Laraba ce, irin yammacin da ba wanda zai ce maka akwai wani abu a cikinsa. Hajo ta gama kwashe tuwo, ta ɗauki ragowar ruwan zafi ta je bakin rariya, ta yi bisimilla, ta ce a kauce bayin Allah, sannan ta zubar. Haka take yi kullum, haka ta ga uwarta na yi. Mijinta Gwadabe yana ƙofar gida a tsugune, yana goge fitilar motarsa da tsumma. Sai dutse ya faɗo a kan murfin injin.

Ya ɗaga kai, ba kowa a layin. Na biyu ya faɗo, na uku ya faɗo. Ba daga gefe suke zuwa ba, daga sama suke saukowa a hankali, kamar ana ajiye su. Da ya kai hannu ya ɗauki ɗaya, sai ya yar da sauri. Dutsen da zafi, kamar daga murhu aka ciro shi.

To bari in koma baya kaɗan, don a gane. Wannan abu ya faru ne a Tudun Wada ta Zariya, zamanin da Turawa ba su daɗe da kawo jirgin ƙasa ba, unguwar ma duk gidajen ƙasa ne da filaye. Gwadabe makanike ne a loko, wurin gyaran jirgin ƙasa. Wani Bature mai sayen auduga yana da wata 'yar jar mota mai kujera biyu, ba ta da rufi, ga gudu kamar barewa. Ya faɗa rami da ita, da zai koma ƙasarsu ya ce wa Gwadabe in zai iya tashinta, ya ɗauka. Ƙarti shida suka turo ta har ƙofar gida, mutane na dariya, wai Gwadabe ya kawo akurkin ƙarfe.

Wata takwas yana kanta. Ya miƙe ƙarfen gaba, ya sa dukawa suka ɗinka wa kujerun jan fata, ya samo hon na tagulla mai roba. Sannan ya ƙera wata 'yar kujera a baya, daidai zaman yaro, don 'yarsa Zinariya. Ita kaɗai ce ta rage musu, uku sun koma tun suna goye. Shekararta tara, kuma kullum tambayarta ɗaya ce, Baba yau ne? Shi kuma ya ce sai ya iya tukuna, ba zai ɗora ta a kan abin da bai gama sani ba.

Kato, direban babbar motar auduga, shi ke koya masa tuƙi a filin bayan unguwa bayan la'asar. Gwadabe ya san cikin inji kamar tafin hannunsa, amma ƙafarsa ta ƙi kuloci. Motar ta yi tsalle ta mutu, Kato ya riƙe ciki yana cewa, Malam, jaki ma ba a yi masa haka. Da suka ga tana yawan ɗaukar zafi, sai suka sa mata lagireto, wato tankin ruwan sanyaya inji, na babbar mota. Kato ya ce ruwan farko a zubar da shi da zafinsa, don ya wanke tsatsa. Ranar Talata Gwadabe ya dawo daga fili ana kiran magariba, yana sauri kada jam'i ya wuce shi. Ya miƙa hannu ƙarƙashi ya kwance famfon, ruwa ya zubo yana tafasa, ya tafi masallaci. Bai yi bisimilla ba, bai ce a kauce ba. Shi a wurinsa ai wannan ba ruwan zafi ba ne, aikin inji ne.

Washegari duwatsun suka fara.

Kwana uku ana jifa, daga faɗuwar rana zuwa isha'i. A na huɗu aka daina, kuma wallahi shirun ya fi jifan nauyi. Suna zaune a tsakar gida, sai suka ji mace tana rarrashin yaro daga wajen motar, murya ƙasa-ƙasa, irin ta wadda ta yi kuka har ta gaji. Zinariya ta ajiye lomar da ke hannunta. Ta ce Inna, bayana zafi. Hajo ta ɗaga rigarta, ba komai, jikin ma sanyi ƙalau. Amma yarinya ta faɗi tana birgima, tana roƙon a zuba mata ruwan randa.

Kwana shida ba ci ba sha. An yi turare, an yi rubutu, ba sauƙi. Gwadabe ya daina zuwa loko, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki yana kallon 'yarsa tana ƙarewa kamar kyandir. Ran na bakwai ya tafi cikin birni ya zo da Malam Mika'ilu, wani tsoho siriri da ba ya ɗaga murya.

Malam ya iso bayan azahar. Ya sa aka shimfiɗa ta a tabarma, ya zauna wajen kanta, ya fara karatu. Ya daɗe. Inuwar katanga ta matso har ta taɓa ƙafarsa, sannan Zinariya ta tashi zaune, ta naɗe ƙafa irin zaman manyan mata, ta ja zane ta rufe kai.

Malam ya yi sallama, aka amsa masa cikakkiya, da muryar da ba ta yarinya ba. Ya tambayi sunanta, ta ce sunanta ba zai yi masa amfani ba. Ya tambayi addininta, ta ce ita ma alƙibla ɗaya take kallo da shi, don haka ya sassauta karatun, ba faɗa ta zo yi da Littafi ba. Ta ce tun kafin a sa tubalin farko a unguwar nan suke zaune a wurin, kuma ba ta taɓa samun abin faɗa a kan matar gidan ba, kullum sai ta yi musu magana kafin ta zubar da ruwa.

Sai ta juya ta dubi Gwadabe.

"Kai kuma me ya hana ka? Kalma ɗaya ce."

Gwadabe bai gane ba, har sai da ta ce masa Talata, da magariba. Ɗanta yana kwance a ƙarƙashin motar, don yana son ɗuminta in ta dawo daga fili. Ya kwana yana kuka, da asuba ya cika. Shi kaɗai gare ta.

Gwadabe ya zame daga tsugune ya zauna a ƙasa. Hajo ta toshe baki da gefen zane.

Muryar ta ce ɗa za ta ɗauka a madadin ɗa. Malam ya ce a shari'ar da ta ce tana bi, ba a kashe rai a kan kuskure, balle ran wanda bai yi ba. Ta ce shari'a ba ta ji kukan da ta ji ba. Malam ya ce gaskiya ne, amma matar nan da ta yaba, sau uku tana jin irinsa, kuma wannan yarinyar ce kaɗai ta rage mata. Hawaye na zuba daga idon Zinariya, fuskar ba ta motsi.

Can ta ce, "Kullum yana bin motar nan da gudu a fili. In ta yi tsalle ta mutu, ya yi ta dariya. Ya roƙe ni ya hau 'yar kujerar baya, na hana shi, na ce ta 'yar mutane ce."

Ta ce har yanzu ba ta binne shi ba. Makabartarsu tana gindin dutsen Kufena. Tana so Gwadabe ya kai shi a kujerar nan, shi da kansa, kafin rana ta faɗi, ya bar motar a can. In ya yi haka ta saki yarinya. Malam ya sa ta rantse, ta rantse.

Gwadabe bai taɓa wuce filin bayan unguwa da motar ba. Ya juya hannun tayarwa, inji ya kama. Zinariya ta fito da ƙafarta, hannuwanta a miƙe kamar mai ɗauke da yaro, ta sunkuya ta gyara wani abu a kujerar baya, sannan ta zauna a gaba. Motar ta ɗan nutsa ta baya. Ya yi bisimilla da ƙarfi, ya saki kuloci a hankali, a hankali, kamar mai sauke jinjiri. Ba ta yi tsalle ba.

Ya bi hanyar shanu a giya ta ɗaya, yana kauce wa kowane rami. Sai da suka yi nisa muryar ta ce masa ya ƙara wuta, yaron gudu yake so. Ya sa ta biyu, ya sa ta uku, abin da Kato ya yi wata biyu yana fama da shi a kai. Iska na dukan fuskarsa, yana tuƙi yana kuka.

A gindin dutsen ya taka birki, rana ta yi ja. Yarinyar ta sauka, ta ɗauki abin da ke baya, ta yi taku bakwai, ta faɗi. Ya ruga ya tallabe ta. Jikinta ya yi ɗumi irin na mutane. Ta buɗe ido, ta ce ƙishi take ji, sannan ta hango motar.

"Baba, yau ne?"

Ya juya ya tsuguna, ya ce ta hau bayansa.

Sun yi 'yar tafiya, duhu ya fara rufe dutsen, sai hon ya yi ƙara a bayansu. Sau ɗaya, kuma bai fita sosai ba, kamar hannun da ya matsa robar bai kai ya zagaye ta ba. Zinariya ta ce wa ke taɓa mana mota? Gwadabe ya gyara mata zama a bayansa, ya ce mai ita ne. Bai waiwaya ba.