Awa Ɗayar da Ta Kusa Raba Mu

"Ungo takardarki."

Ina tsaka da zuba romo a kwano na ji muryar. Na ɗago, sai ga mahaifiyar saurayina Wen-yao tsaye a gaban rumfarmu, tana miƙo mini jar takardar nan da aka rubuta ranar haihuwata da lokacinta. Sati biyu ke nan da babata ta aika da ita gidansu, kamar yadda ake yi idan maganar aure ta taso. A wurinmu kowace shekara da kowace sa'a tana da dabbarta, da su ake duba ko aure zai dace.

Ludayin ya suɓuce mini ya faɗa tukunya.

"Gwaggo... ki zauna mana, in zuba miki taliya."

"Ba ci na zo yi ba, Pi-lien. Na kai wa Malam Liao mai duba, ya saka a kwamfutarsa. An haife ki ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe, sa'ar Doki ke nan. Ɗana kuwa ɗan shekarar Ɓera ne. Doki da Ɓera ba sa zama gida ɗaya lafiya."

A bayanta akwai Ya-ping, 'yar aminiyarta mai aiki a banki, tana riƙe mata lema. Ta karkatar da kai kamar mai jin tausayina.

"Ki yi haƙuri 'yar'uwa, ba laifinki ba ne, haka aka haife ki. Ni ma na ba da tawa takardar, don gwaji kawai fa..."

"Tata ta dace tsaf," in ji Gwaggo.

Masu cin abinci duk suka zuba mana ido. Na karɓi takardar da hannu biyu, na ce na gode. Sai da suka sha kwana na tsuguna bayan tukunya na fashe da kuka.

Wannan a shekara ta tamanin da takwas ne a lissafinmu, wadda sauran duniya ke kira 1999. Ni da babata muna sayar da taliyar shinkafa da dunƙulen kifi a bakin kasuwa a garin Hsinchu. Wen-yao kuwa a wata masana'anta yake aiki a bayan gari, shi ne mai kula da agogon kwamfutocinsu, a lokacin da kowa ke tsoron za su rikice idan sabuwar shekara ta shigo.

Ranar da na fara yi masa magana, ya zo a babur, iska ta tayar masa da gashi tsaye. Ya zauna ya zuba wa wata doguwar takarda ido har taliyarsa ta huce.

"Malam, me taliyar nan ta yi maka?"

Ya ɗago a firgice. "Injinmu ne. Wai ya gama aiki daƙiƙa huɗu kafin ya fara."

"To ku ƙara masa albashi mana!"

Ya yi dariya har ya ƙware, sai da na ba shi ruwa. Daga nan ya ja kujera ya shiga yi mini bayani, yana zane a kan tebur da tsinken cin abinci.

"Agogo biyu ne a cikin kwamfuta. Ɗaya irin na bango ne, mutane na tura shi gaba su jawo shi baya yadda suka so. Ɗayan kuwa ƙirga kawai yake yi tun da aka kunna shi, ba ya komawa baya. In kana son sanin tsawon lokacin da abu ya ɗauka, da na biyun ake aunawa. Wani ya je ya auna da na bango, aka gyara agogon ana tsakar aiki."

A aji uku na bar makaranta, amma na gane.

"Af, ai haka nake dafa taliya. Ba na duba agogo, arba'in nake ƙirgawa a raina in tsame."

Ya kalle ni ya daɗe. "Ashe ke ce agogo na biyun."

Tun daga ranar yake kirana Agogona. Har gaban mutane, ba kunya.

To bayan an dawo da takardar, kwana tara na ƙi fitowa in gan shi. Kullum da tsakar rana yana zuwa, babata ta zuba masa, ni ina bayan labule ina yankan albasa, ina cewa ita ke sa ni hawaye.

"Albasar nan dai ta bana da ƙarfi take," in ji babata. "Har da shessheka take sawa."

Rana ta goma da hantsi na ji ƙarar babur, na ji an ture kujeru. Sai ga shi ya ɗage labulen, yana haki, hular kwano a kansa.

"Agogona! Ke ba Doki ba ce!"

"Ka sha wani abu ne?"

"Ki saurare ni, don girman babarki. An kawo mana sabuwar manhaja, aka ce in gwada ta da tsofaffin ranaku. Na rasa ranar da zan saka, sai na saka taki. So nake in ga awa nawa kika yi a duniya..."

"Aikin da ake biyanka ke nan?"

"Tsaya mana! Na yi lissafin da hannu, ita ma ta yi, muka bambanta da awa ɗaya cif. Kwana biyu ina neman kuskurenta. Ashe ni ne na yi kuskure! Shekarar da aka haife ki mai ya yi wuya, gwamnati ta sa aka tura agogon ƙasar nan gaba da awa ɗaya, daga watan huɗu zuwa ƙarshen watan tara. Ke kuma a watan bakwai kika zo. Ungozoma agogon bango ta duba ta rubuta. A lissafin rana, ƙarfe goma da minti ashirin aka haife ki. Sa'ar Maciji!"

Babata ta leƙo da wuƙa a hannu. "Ni dai na san lokacin da na haife ta ban ci abincin rana ba tukuna."

"Zo mu je wurin Malam Liao yanzu," ya kamo hannuna.

Na zare.

"Ba inda za ni."

"Pi-lien..."

"In an je an sake dubawa aka ce Macijin ma bai yi ba fa? Sai ka koma ka nemo mini wata awar? Ni ba inji ba ce da za ka yi ta gyarawa har in dace da gidanku."

Ya cire hular ya riƙe a ƙirji.

"Kin yi gaskiya," ya ce. "Kwana tara ina zuwa ina cin taliya, ban iya faɗa wa Ma abin da ya kamata ba. Ki zo gobe. Ba don Malam Liao ba, ki zo ki ji da kunnenki."

Washegari muka haɗu a shagon Malam Liao, kusa da haikali: ni da babata, Wen-yao da mahaifiyarsa, sai Ya-ping da ba wanda ya gayyata. Ɗakin ƙarami ne, hayaƙin turare ya cika shi, kwamfutar na kan tebur an lulluɓe ta da jan ƙyalle.

Kafin kowa ya zauna Wen-yao ya tsaya a gaban mahaifiyarsa.

"Ma, bari in faɗa tun ba a buɗe komai ba. Ko Doki ce ko Maciji ce ko kada, ita zan aura. Na kawo ki ne don hankalinki ya kwanta, ba don in nemi izinin na'ura ba."

Ta ɗaga maficinta ta sauke masa a kafaɗa. Fau!

"Mara kunya! A gaban mutane?"

"Ki ƙara, Ma. Amma ita ce."

Ta ƙara kuwa. Ni dai na sunkuyar da kai, ina danne murmushi da ƙyar.

Malam Liao ya gyara tabarau, ransa a ɓace. "Yaro, kwamfutar nan daga Taipei na sayo ta. Ba ta taɓa kuskure ba."

"Ba ta yi ƙarya ba, Malam. Abin da aka ba ta shi ta lissafa. Wanda ya rubuta manhajar ne ya manta an taɓa tura agogo. Kafin ka saye ta da me kake dubawa?"

"Da littafin mahaifina."

"A taimaka a ɗauko shi."

Tsohon ya yi gunaguni, ya taka kujera ya sauko da wani littafi mai kauri da ƙura ta rufe. Ya lashi yatsa yana buɗawa, yana buɗawa, sai ya tsaya. Kunnuwansa suka yi ja. A gefen shafin akwai rubutu da jan tawada, ya karanta a hankali kamar ana matsa masa wuya:

"Wanda aka haifa a bazarar shekara ta sittin da uku da ta sittin da huɗu, a rage masa awa ɗaya."

"Takardar asibiti dai takardar asibiti ce," Ya-ping ta yi caraf. "Gwaggo, kada ki bari su..."

Amma Gwaggo ba ta jin ta. Ta dafa tebur, idanunta a waje.

"Shekarar da mai ya yi wuya! Kai, na tuna! Babanka ya ƙi taɓa agogon gidanmu, ya ce gwamnati ba ta isa ta ba rana umarni ba. Wata shida cur yana makara wurin aiki, kullum sai mun yi faɗa!"

Ta fara dariya, dariyar ta juye ta koma hawaye, ta sa hannun riga tana gogewa. Babata ta miƙa mata hankici, ta karɓa ba tare da ta duba ko wace ce ba.

Malam Liao bai ko kalli kwamfutar ba. Ya shiga ƙirga a gaɓoɓin yatsunsa, bakinsa na motsi. Na ji kamar shekara muka yi a tsaye.

"Ba faɗa a tsakaninsu," ya ce. "Za su zauna lafiya. Sai dai ita ce za ta riƙe gidan."

"Wannan ai ba sai an duba ba," in ji Gwaggo. "Dubi yadda ta mayar mini da ɗa."

Tsohon ya juya ga Ya-ping. "Ke ma in ban manta ba watan shida na sittin da uku ne. Kawo taki a sake lissafi."

Ta duba agogon hannunta, ta ce ana jiranta a banki. Lemarta ma a nan ta bar ta.

Muna fitowa Wen-yao ya matso kusa da kunnena. "Kin ga, na ƙara miki awa ɗaya a duniya. Kin tsufa."

"Ka tsufar da ni, ka zo kana fara'a?"

"Ki ba ni ita kyauta, Agogona. Mu je bakin teku."

Muka je. Iska ta kusa ɗauke mu daga kan babur, ina riƙe da rigarsa ina ihu, shi yana waƙa da muryarsa mara daɗi.

Aka sa bikin a watan farko bayan Sabuwar Shekara. Gwaggo ta ce da hannu za a lissafa sa'ar bikin, kuma ɗanta ya tsaya a kan Malam Liao har ya gama. Ranar, da na durƙusa na miƙa mata shayi kamar yadda amarya ke yi, ta riƙe hannuna tare da kofin, ta yi ƙasa da murya.

"Ɗa namiji ɗaya gare ni, ubansa kuma da wuri ya tafi. Tsoro ne, ba ƙi ba. Ki riƙe mini shi."

"Zan riƙe, Ma."

Na riƙe shi shekara ashirin da huɗu. Muka haifi mata biyu, babbar ta gaji aikinsa, ita ma ba ta da hira sai ta daƙiƙoƙi. Bai taɓa koyon waƙa ba, bai kuma taɓa cin taliya da zafinta ba. Bara da bazara ciwon hanta ya kwantar da shi, a hannuna ya cika.

Da muka dawo daga jana'iza na shiga ɗakin Ma na fara ninke mata kaya. A zatona za ta koma wurin 'yarta a Taichung, tunda wanda ya haɗa mu ba ya nan. Ta shigo tana dogara sanda, ta tsaya tana kallona.

"Me kike yi?"

"Na ce ko za ki so..."

Ta sa sandar ta ture jakar gefe.

"Wa ya ce miki tafiya zan yi? Mayar mini da kayana inda suke. Ki ɗora mana ruwa, 'yata, yunwa nake ji."